Shekarar da Na Tona Asirin Kawunku

Na san abin da ake gaya muku a gidan kakarku na unguwar Hausare tun kuna ƙanana. Ana ce muku uwarku ce ta tashi a gaban baƙi ta kunyata ƙaninta, ta kashe masa kamfani, ta jefa mutum shida cikin zaman banza, duk don ta nuna ta fi shi ilimi. Kun ji daga bakin Gwaggo Mairo, kun ji daga bakin matar Kawu Bashir, kuma ba ɗayanku da ya taɓa zuwa ya tambaye ni, ko don kunya ko don kun riga kun yarda. Ni ma ban zaunar da ku ba, domin duk lokacin da na ɗauko zancen sai harshena ya yi kaifi, in fasa. A takarda kuwa ba mai katse ni. Abin da ake faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa. Na tashi, na yi magana, kamfanin ya mutu. Amma an yanke kan labarin ne aka miƙo muku jela, kuma ba zan shiga kabari in bar ku da jela a hannu ba.

Kun san na daɗe ina koyar da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda na shiga rubuta manhaja. An kawo wa makarantarmu kwamfutoci, aka kulle su a ɗaki saboda ba wanda ya iya, ni kuma na karɓi makullin. Da littafi guda da taurin kai na koya, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Bashir shi ne autan Inna, ni na goya shi, ni na koya masa ƙirga da tsakuwa a tsakar gida. Da ya dawo daga Yawunde da takardarsa ta injiniya ya buɗe biro, wato ofis, a saman wani shago kusa da babbar kasuwa, ya zo har gidana a Yelwa ya durƙusa ya ce in bar alli in zo mu yi aiki tare. Adda yake ce mini, kamar yadda Fulanin unguwarmu ke kiran babbar yaya. Ya ce shi zai nemo aiki ya yi magana da manya, ni in riƙe cikin injin. Na yarda, na bar aji, kuma shekara biyu na farko ban yi nadama ba ko sau ɗaya.

Babban aikinmu na ungozomomin ƙauyukan da ke tsakanin Gider da Mayo-Ulo ne. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ce ta ba mu, ba zan ambaci sunanta ba domin ba ta da laifi a abin da ya faru. Manhajar ba wani abin mamaki ba ce. Akwai jerin sunayen mata masu ciki na ƙauye, akwai shafin kowace mace da watanninta da ranar awonta, akwai shafin hotuna: mace ta riƙe kai, ƙafa ta kumbura, jini. Ungozoma ta taɓa hoton da ya dace, saƙo ya tafi wurin infirmiye a santir, wato ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin yankin, shi kuma ya turo babur ko ya kira. Yawancinsu ba sa karatun boko, saboda haka na sa murya a kowane hoto, muryata ce da Fulatanci. Su ashirin da shida ne, kuma wayoyinsu nasu ne, ƙanana, tsofaffi, waɗanda 'ya'yansu suka gaji da su ko aka sayo na hannu a kasuwar bakin iyaka. Ni na koya musu da kaina a gindin wata darbejiya. A can na san Dada Asta, tsohuwa doguwa mai haƙori ɗaya na azurfa, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyensu. Ita ta fara iyawa, sannan ta juya ta riƙa yi wa sauran faɗa in sun taɓa ba daidai ba.

A shekarar da nake ba ku labari ƙungiyar ta canza shugaba. Sabon ya ce yana son masu duba aikin su riƙa yawo da tablet, su ga jerin sunaye a hagu, bayanin mace a dama, duk a fuska ɗaya. Ya ce zai zo Garwa nan da mako uku ya gani da idonsa kafin ya sa hannu a kan sabuwar yarjejeniya mai girma, wadda za ta kai aikin har Kayele da Maruwa. Dole in bayyana muku abu ɗaya na sana'ar, in ba haka ba ba za ku gane kan rigimar ba. A da, kowane shafi na manhaja a dunƙule yake, abu guda. Sabuwar hanyar da ta fito a lokacin ita ce a yanka shafi gutsure-gutsure, kowane gutsure da aikinsa. Jerin sunaye gutsure ɗaya, bayanin mace gutsure ɗaya, hotunan haɗari gutsure ɗaya. A ƙaramar waya ka nuna su ɗaya bayan ɗaya, a tablet ka jera biyu gefe da gefe, ba sai ka sake rubuta komai sau biyu ba. Fragma muke ce musu da Faransanci. Hanya ce mai kyau, na so ta tun ranar da na karanta ta. Matsalar ita ce tsarin da ke cikin tsofaffin wayoyi bai san da ita ba. Masu tsarin sun san da wannan, sai suka fitar da wani kundin tallafi, wanda in ka gina gutsurenka a kansa tsohuwar waya ma za ta buɗe su. Sai dai aiki ne na haƙuri. Sai ka bi kowane shafi ka canza masa tushe, ka kula kada ka gauraya gutsuren asali da na tallafi, ka gwada a kan kowace tsohuwar waya, domin ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, juya waya a hannu kawai kan iya kashe shafi. Na lissafa na ce wa Bashir mako shida.

Ya ce mako uku muke da shi. Na ce to a gaya wa baƙon gaskiya, a nuna masa tablet ɗin a biro, amma kada a taɓa wayoyin ƙauye sai na gama. Ya ce baƙon yana son ya ga kowa a kan manhaja ɗaya, kuma ba a samun irin wannan dama sau biyu. Mun yi kwana biyu muna ja, a cikin zafin watan uku, wuta na ɗaukewa da rana, fanka a tsaye, ma'aikata suna yi kamar ba sa ji. Na ɗauko kwandon tsofaffin wayoyin da nake gwaji da su na zube masa a tebur, na ce ya ƙirga, goma sha tara daga cikin matan nan irin waɗannan suke riƙewa.

"Adda," ya ce, "ke malamar makaranta ce, kin saba jiran na ƙarshen aji. Kasuwa ba ta jiran kowa."

Na ce masa waɗanda yake kira na ƙarshen aji su ne aikin gaba ɗaya, in ba su ba wa muke rubuta wa? Sai ya sauko da murya, ya yi mini irin murmushin da yake yi wa Inna in yana son a ƙyale shi. Ya ce na yi gaskiya. Ya ce in ba shi abin da na riga na yanka, rabi ne a lokacin, shi zai ƙarasa a kan kundin tallafin da kansa tunda hannunsa ya fi nawa sauri, ni kuma in koma in shirya takardun koyarwa da sababbin muryoyi. Na tambaye shi sau biyu ko zai gwada a kan wayoyin kwandon nan. Sau biyu ya ce zai gwada. Ya ɗauki kwandon ya kai ofishinsa.

Nan ne wurin da nake jin haushin kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ban duba ba. Ni da ba na karɓar amsar ɗalibi sai na ga yadda ya bi ya same ta, na karɓi maganar ƙanina ban buɗe ko layi ɗaya ba, don kawai ni na goya shi. Abin da ya yi shi ne ya cire kundin tallafin gaba ɗaya, ya mayar da gutsurena kan sabon tsari zalla, ya gama a kwana goma. Aka zuba manhajar a ƙananan katunan waya aka aika wa infirmiye na kowane santir, tare da takarda mai bayanin yadda za a sa. Layin farko na takardar yana cewa a goge tsohuwar manhaja kafin a sa sabuwa. Ni na rubuta wannan layin. Ni na fassara shi da Fulatanci, na ja masa layi a ƙasa don kada a tsallake. Da aka goge tsohuwar, sunayen mata masu ciki da ranakun awonsu suka tafi tare da ita daga kan wayoyin. Da aka sa sabuwar, a tsofaffin wayoyi ta riƙa nuna fari na ɗan lokaci sannan ta rufe kanta. Infirmiyoyi sun kira biro. Bashir ya ba da umarni duk kiran da ya shafi wannan a ba shi, kuma ya riƙa ce musu matsalar hannu ce, za a sake koyarwa.

Ban san komai ba sai ranar wata Laraba da hantsi, saura kwana ɗaya baƙon ya zo, ina gida ina shirin fita, aka yi sallama a ƙofa da Fulatanci. Dada Asta ce. Ta hau babur zuwa Mayo-Ulo, ta hau mota zuwa Gider, ta hau wata zuwa Garwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan Madam mai waya. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwan randa, ta sha, muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar yadda suke yi, jam, jam, jam, wato lafiya lau, alhali ina ganin ba lafiya ba. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar, ta ajiye a gabana, ta taɓa hoton manhajar da yatsa. Fari, sannan ba komai. Ta sake taɓawa. Ta ce ta yi haka fiye da sau ɗari a mako guda, ta wanke hannu ta taɓa, ta yi bisimilla ta taɓa, domin infirmiye ya ce daga Garwa an ce hannunta ne.

Ta ce sunayen matan ƙauyenta ba ta buƙatar waya ta tuna mata su, suna kanta. Amma akwai wata ƙaramar ruga a bayan dutse da aka haɗa mata kwanan nan, matan can ba ta san su sosai ba, waya ce ke gaya mata ranar da za ta je. Akwai wata yarinya mai cikin fari a can, Fadimatu, wadda ƙafarta ta fara kumbura a awon baya. Ranar komawa ta wuce da kwana huɗu kafin Dada Asta ta tuna. Da ta isa ta tarar da ita tana jijjiga. Ta taɓa waya don ta kira babur, fari. Sai da aka yi gudu zuwa wurin mai babur na ƙauye na gaba. Fadimatu ta rayu. Yaron bai zo da rai ba. Ba zan ce muku manhaja ce ta kashe shi ba, Allah ne ya san abin da ya rubuta, kuma likita ma ba zai iya rantsuwa ba. Amma kwana huɗun nan na san wanda ya ci su.

"Madam," ta ce, "ban zo ƙara ba. Jauro, mai garinmu, ya ce an ce za a cire sunana, wai na tsufa. In hannuna ne, ki gaya mini da bakinki, in koma in zauna."

Na ce mata ba hannunta ba ne. Na bar ta a ɗakina tare da abinci, na ɗauki wayar, na tare ɗan babur zuwa biro. Ban tarar da Bashir ba, yana can yana shirya zauren otal ɗin da za a yi taron. Na buɗe kwamfutarsa, domin na san kalmar sirrinsa, sunan Inna ne. Minti biyar ya ishe ni in ga abin da ya yi wa gutsurena. Kwandon wayoyin yana ƙarƙashin teburinsa, ƙura ta rufe shi, ko caji ba a yi musu ba. Sannan na ga rahoton da zai miƙa wa baƙon gobe, an riga an buga an ɗaure. A shafi na huɗu ya rubuta da Faransanci mai santsi cewa yawancin ungozomomin sun kasa riƙe sabuwar manhajar saboda jahilci da tsufa, kuma ana ba da shawarar a maye gurbinsu da matasa masu karatu. Na karanta layin nan a tsaye. Kuskuren sana'a kowa na yi, ni ma na yi. Gaggawa ma na san ta. Amma ka karya abu da hannunka, ka san ka karya, sannan ka ɗauki laifin ka ɗora a kan tsofaffin matan da ba za su taɓa karanta takardar da ka zage su a ciki ba, wannan ba kuskure ba ne. Wannan rashin tsoron Allah ne.

Ga abin da ba a gaya muku a Hausare: ban tafi wurin baƙi kai tsaye ba. Na jira Bashir har la'asar, na rufe ƙofa, mu biyu. Na ba shi labarin Fadimatu. Fuskarsa ta canza, na ga ta canza, ya zauna ya riƙe kai. Na ce masa abu ɗaya nake nema, ya cire shafi na huɗu, ya rubuta cewa sabuwar manhajar ba ta aiki a tsofaffin wayoyi kuma muna gyarawa. Na ce ko sunana ya sa a matsayin mai laifin, na yarda, tunda ni na rubuta a goge. Sai ya ce in aka rubuta haka ba za a sa hannu ba, in ba a sa hannu ba kowa ya rasa, har su matan. Ya ce in bari a sa hannu, daga cikin sabon aikin zai saya wa kowace waya sabuwa, ba wadda za a cire, layin nan magana ce kawai ta takarda.

"To in magana ce kawai, cire ta," na ce.

"An riga an aika musu kwafi tun shekaranjiya, Adda."

Washegari na sa atamfata mai kyau na tafi otal ɗin. Zaure mai sanyi, ruwan roba a kan tebur, baƙon da mutanensa biyu, ma'aikatanmu a baya. Bashir ya nuna tablet, jerin sunaye a hagu, bayani a dama, gutsurena suna shiga suna fita lafiya lau, har baƙon ya gyaɗa kai. Na zauna ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ƙanina ya faɗi wani abu da kansa. Na ba shi dama har zuwa shafi na huɗu. Da baƙon ya kai wurin, ya ɗaga kai ya ce abin takaici ne, amma ya saba ganin haka, kuma ya tambaya ko matasan za su samu kafin damina. Bashir ya ce za su samu. Sai na tashi. Ban ɗaga murya ba, duk wanda ya ce muku na yi ihu ƙarya yake. Na zagaya teburin, na ajiye wayar Dada Asta a gaban baƙon, na ce masa shi mai karatu ne kuma ba tsoho ba, ya taɓa wannan hoton. Ya taɓa. Fari, sannan ba komai. Na ce ya sake. Ya sake. Sannan na gaya masa dalili, da kundin da aka cire, da layin da na rubuta da hannuna, da adadin wayoyin, da yarinyar bayan dutse. Ya juya ya tambayi Bashir ko ya san da wannan lokacin da yake rubuta rahoton. Kawunku ya kalli tebur.

Ba a sa hannu ba. Kafin azahar labari ya riga ni isa Hausare. Inna ta aiko a kira ni, na tarar da ɗakinta cike, Gwaggo Mairo a bakin gado, matar Bashir tana kuka a lungu, shi kansa ba ya nan. Gwaggo ce ta fara, ta ce tun kakanmu ya zo daga Kano da jakunansa ba a taɓa jin ɗan gidan nan ya kai ɗan'uwansa gaban Bature ba, sai yau, kuma mace. Ta ce boko ne ya cinye mini kunya. Na fara bayani, ta ce ba ta son jin zancen waya. Inna ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ta bari kowa ya gama, sannan ta ce, a hankali, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce Inna, an rasa jariri. Ta ce Allah ya ba uwarsa haƙuri, amma ita nata ɗan take gani a gabanta. Na ce matan nan ma 'ya'yan wasu ne, wasunsu sa'o'inki ne, an rubuta an ce jahilai ne.

"Su ba su ji ba," in ji Inna. "Shi kuwa kin sa ya ji a gaban mutane."

Na fita daga ɗakin nan na kama hanyar gida. Babanku ya saurare ni a gida har na gama, yana zaune yana ɓare gyaɗa, bai katse ni ba. Ya ce shi bai san fragma ba, amma ya san Bashir, kuma ya yarda da ni. Sannan ya ƙara da cewa da na gaya masa tun ranar Laraba, da ya ɗauke ni da Dada Asta mun je gaban Inna kafin taron, domin Bashir bai taɓa iya yi wa Inna musu ba, kuma da Inna ta ga tsohuwar nan da idonta da magana ta canza. Na yi kwana uku ba na masa magana saboda wannan. Dalilin fushin kuwa shi ne mai yiwuwa ya yi gaskiya. Ban yi tunanin haka ba a lokacin, raina ya riga ya ɓaci, idona ya rufe. Wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Biro ya rufe kafin damina ta yi nisa. Mutum shida suka rasa aiki, ba ruwansu, kuma ɗaya daga cikinsu, sakatariyarmu mai 'ya'ya uku, har ta rasu in ta hango ni a kasuwa sai ta canza layi. Bashir ya kwashe iyalinsa ya koma Duwala. Ni kuma na ɗauko kwandon wayoyin na kawo gida, na zauna a kan teburin cin abincinku, na mayar da kundin tallafin, na bi gutsuren ɗaya bayan ɗaya. Mako biyar da kwana huɗu ya ɗauke ni. Tunda ba sauran ofishin da zai karɓi bayanai, na mayar da ita ta riƙa aika gajeren saƙo kai tsaye zuwa wayar infirmiye. Na hau mota na bi ƙauyukan, ruwa ya ci hanya, wani wurin da ƙafa na ƙarasa, na sa wa kowace da hannuna, muka zauna suka faɗo sunayen mata daga ka ina shigarwa. A kowane ƙauye na nemi jauro na gaya masa a gaban mutanensa cewa laifin na Garwa ne, ba na ungozomarsu ba.

Kada ku ɗauka na ci nasara. Ƙungiyar ta ba wani kamfani aikin, suka zo da sababbin wayoyi, kuma da yake shawarar shafi na huɗu ta riga ta shiga kunnen mutane, samari masu Faransanci aka ba. Tawa manhajar ta yi damina biyu a hannun matan da suka ƙi ajiye ta, sannan wayoyin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, batir ya kumbura, gilashi ya fashe, ba mai sayen wata. Na koma aji a wata makaranta mai zaman kanta na ƙarasa shekaruna. Inna ta rasu tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. A zaman makokinta ni da Bashir mun karɓi gaisuwa a gida guda, shi a zaure ni a ciki, kwana bakwai, kalmar da ta haɗa mu ba ta wuce ya haƙuri ba.

Bara, da zai tafi aikin Hajji, ya kira ni. Na gane muryar tun kafin ya faɗi suna, ta tsufa, ta koma irin ta mahaifinmu. Ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce yana neman gafarar 'yan'uwa kafin ya tashi, abin da ya wuce ya wuce, mu yafi juna. Na lura da kalmar, juna. Na haɗiye ta. Na ce masa ƙaryar da ya yi mini a kan kwandon wayoyi na yafe, duniya da lahira, kuma in kunyar da na ba shi a gaban baƙi ta wuce gona da iri, shi ma ya yafe mini. Ya ce ya yafe, har na ji ya saki numfashi. Sai na ce saura shafi na huɗu, kuma wannan ba nawa ba ne balle in yafe. Dada Asta ta rasu, amma huɗu daga cikin matan suna da rai, na san ƙauyukansu, Fadimatu ma tana nan bayan dutsen. Na ce in ya sauka Garwa kafin jirginsa, kwana ɗaya ya isa, ni zan raka shi, ni zan yi masa tafinta in Fulatancinsa ya gudu.

Sai ya ce ya ji an ce hanyar Mayo-Ulo ta lalace sosai.

Na ce ta lalace, amma ana bi.

Bai biyo ta Garwa ba. Ya je Makka ya dawo lafiya, ya aiko mini da dabino da sallaya mai kyau, na karɓa na yi godiya. Ku riƙa gaishe shi, kawunku ne, ku ci abinci a gidansa in kun je Duwala. Sallayar tana cikin akwati a naɗe, ban shimfiɗa ta ba. Daga matan nan huɗu yanzu saura uku.